Ka san gaban fiyano, to bayansa fa?

Duk wanda ya zo sayen fiyano a garin nan namu na Gombe gaba yake kallo. Maɓallai nawa ne, bit, wato kiɗan rakiyar da fiyanon yake bugawa da kansa, nawa ne a ciki, akwai kalangu, akwai sarewa, allon mai kala ne ko baƙi da fari. Da wuya ka ga wanda ya juya shi ya leƙa ramukan da ke baya, alhali ni kam a ganina kusan duk kunyar da mai kiɗa yake sha a wajen biki daga can take fitowa. Yaro zai zauna a ɗaki a Jekadafari ko Bolari ya yi ta koyon hannu har hannun ya zauna tsaf, ranar da aka kira shi kamu ko dina sai ya sauke fiyano a kan tebur, ya miƙa wa DJ wata guntuwar waya da ya aro a wajen abokinsa, ya koma ya naɗe hannu yana jira. Sauti ya fito a shaƙe, ko yana ƙugi, ko bes ya ɓace ɓat, sai ka ji ana cewa ai fiyanon ne ba orijina ba, ko kuma wai DJ ne ya yi masa mugunta. Yawanci ba ko ɗaya. Hanyar da sautin ya bi ce ta lalace, kuma hanyar nan aikin mai fiyano ne ya santa, ba aikin wani ba.

Bari in fara da wuta don ita ce take kashe kaya gaba ɗaya, sauran duk kunya ce kawai ta dare ɗaya. Kowane fiyano akwai adaftar da aka yi masa, kuma an rubuta volt ɗin da yake sha a jikin ramin ko a takardar da ke manne a ƙarƙashinsa. Ƙananan Yamaha irin su PSR-E373 da E463 volt 12 suke sha, manyan irin S670 da S970 kuwa volt 16 ne, adaftarsu ita ce PA-300C. Casio na yanzu da yawa volt 9.5 ne. To mutum adaftarsa ta ƙone, sai ya shiga kasuwa wajen masu kayan wuta ya ce a ba shi wadda bakinta zai shiga, a gwada ta shiga, shikenan ya biya ya tafi. Shigar baki ba ita ce magana ba malam. Abu uku ake dubawa, volt ya zama daidai cif ba ƙari ba ragi, amfiya ta kai wadda aka rubuta ko ta fi, in ta fi babu komai fiyanon abin da yake buƙata kawai zai ja, in ta gaza ne za ka ga yana mutuwa yana tashi da zarar ka ƙure murya. Na ukun shi ne wanda mutane ba su ma san da shi ba, wato ina fulos yake ina mainos yake. Akwai wani ɗan zane a jikin adafta, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, yana nuna ko tsakiyar bakin ce fulos ko gefen. Yamaha tsakiya ce fulos, amma wasu tsofaffin Casio masu volt 9 tsakiyarsu mainos ce, in ka juya musu wuta ka ga hayaƙi kada ka zargi kowa. Cajar laftof kuma don Allah a bar ta a kan laftof, yawancinsu volt 19 ne ko sama da haka.

Sai maganar janareto, wanda shi ne rayuwarmu a wajen biki, don ko a cikin Gombe ba ka dogara da wutar layi ba balle a ce an ɗauke ku zuwa Kumo ko Deba ko wani ƙauye bayan Dukku. Wutar ƙasar nan volt 230 ce a ƙa'ida, amma ƙaramin janareto da aka ɗora wa amfilifaya biyu da fitilu da fanka har da firizar masu sayar da lemo, wutarsa hawa da sauka take yi, duk bugun bes sai ka ga kwan fitila ya lumshe. Abin da nake yi shi ne fiyano da mikisa, wato na'urar da take haɗa sautin kayan kiɗa da makirfo kafin ya tafi sifika, suna kan ekstenshan ɗaya nasu su kaɗai, ta cikin ƙaramar sitabilaiza, in da hali ma UPS irin na kwamfuta ya fi, saboda fiyano ba ya cin wuta, bai kai ko tsohon kwan fitila mai wat 60 ba, ƙaramin UPS zai riƙe shi a 'yan mintocin da ake ƙara mai ko ake canja layi. Kuma kada a ja janareto kayanka suna jone. A tayar da shi tukuna, ya daidaita, sannan ka jona. Masu ƙananan PSR-E suna da wata gata da manya ba su da ita, suna cin batir ƙanana guda 6, ka zuba su a ciki ka manta, ranar da adafta ta ba ka kunya za ka gode mini.

Kunnawa ma da tsarinta. Murya a ƙasa, fiyano farko, sai mikisa, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. In an tashi kuma a juya, amfilifaya ce take fara mutuwa. Wannan ƙarar dum da kake ji in an kunna fiyano bayan amfilifaya tana raye, kai tsaye cikin sifika take tafiya, kuma tuwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da take fitar da siririn sauti, ba ta yafe irin wannan.

Wani ɗan abu kafin in bar wuta. Fiyanon Yamaha na zamanin nan suna kashe kansu in aka bar su ba a taɓa ba, yawancinsu bayan minti 30. Kowa ya san yadda bikinmu yake, a ce amarya ta taho, a yi ta jira, kawun ango ya karɓi makirfo ya yi nasiha, gwaggon amarya ita ma ta yi tata, kafin MC ya juyo ya ce mai kiɗa bismillah fiyano ya yi barci, duk saitin da ka yi da hannu ba ka adana ba ya tafi. Ka shiga saiti ka kashe Auto Power Off, ko kuma ka danne maɓallin farko na can hagu, mafi kaurin murya, kana riƙe da shi ka kunna fiyanon, zai rubuta maka cewa ya kashe.

Yanzu ga inda ake yin ta, wato daga fiyano zuwa mikisa. Juya fiyanonka ka duba. In babba ne za ka ga ramuka biyu an rubuta OUTPUT, ɗaya L/L+R ɗaya R. In ƙarami ne irin E373 rami ɗaya ne tak, an rubuta PHONES/OUTPUT, shi ne na hedifon shi ne kuma na fita. Waɗannan biyun ba iri ɗaya ake jona su ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa.

Mai ramuka biyu sauƙi gare shi. In waya ɗaya gare ka, ko layi ɗaya aka ba ka a mikisa, ka sa a L/L+R, fiyanon da kansa zai haɗe hagu da dama ya turo su ta nan, ba abin da zai ɓace. In ka sa a R ita kaɗai rabin kiɗan kawai ka aika, duk abin da aka jingina hagu a cikin bit ɗin ba zai fito ba. In layi biyu aka ba ka sai ka yi waya biyu, a murɗa PAN, maɓallin da yake karkatar da sauti hagu ko dama, na ɗaya zuwa hagu ɗayan zuwa dama. Amma gaskiya a filin biki ni ban damu da sitiriyo ba, wato raba sauti hagu da dama, mutanen da ke zaune gindin sifikar hagu ba sa jin ta dama ko kaɗan, gara kowa ya ji kiɗan cikakke ta waya ɗaya. Sitiriyo na sitidiyo ne da ɗakin taro mai kyau.

Mai rami ɗaya shi ne mai rigima. Ɗauki babban jak ɗin nan mai kaurin milimita 6.35 ka kalli bakinsa, wani zobe baƙi ɗaya gare shi, wani biyu. Mai zobe ɗaya hanya ɗaya yake ɗauka, mai zobe biyu hanya biyu. Ramin hedifon hagu da dama yake fitarwa a tare, saboda haka mai zobe biyu yake so. To sai mutum ya yi dabara, ya samo waya mai zobe biyu a kowane kai, ya sa ɗaya a fiyano ɗaya a ramin LINE na mikisa, a tunaninsa ya yi daidai. Abin da bai sani ba shi ne ramin mikisa ba hagu da dama yake jira ba, an gina shi ne ya ɗebe abin da ya zo ta hanya ta biyu daga abin da ya zo ta farko, da haka yake kashe hayaniyar da doguwar waya ta kwaso. Da ka ba shi hagu da dama sai ya ɗebe dama daga hagu, duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu ya mutu, kuma me ke zaune a tsakiya iri ɗaya hagu da dama? Bes, da babbar ganga, da muryar da kake bin waƙa da ita. Sai a bar ka da 'yan kacau-kacau da amsa-kuwwa suna yawo a fili. Na sha ganin an yi ta murɗa LOW har ƙarshe ana neman bes ɗin da waya ta riga ta cinye tun kafin ya iso. Maganin ba tsada, waya ce mai kai ɗaya mai zobe biyu a ɓangaren fiyano, ta rabu biyu a ɗaya ɓangaren kowanne da zobe ɗaya, yawanci ɗaya ja ɗaya fari ko baƙi, sai ka sa su a layi biyu ko a layin sitiriyo na mikisa. In a kasuwa ba ka samu ba, sayi kawunan da wayar ka kai wa mai gyaran rediyo ya yi maka sodarinta a gabanka.

Ka kuma sani cewa da zarar ka cusa jak a ramin PHONES sifikun jikin fiyanon sun yi shiru. Kai da kake zaune bayan manyan sifiku ba za ka ji kanka da kyau ba, abin da zai dawo maka ta bangon gidan da ke fuskantarku a makare yake zuwa, sai hannunka ya fara ja da baya mawaƙi yana hararenka. Ka roƙi a juyo maka da ƙaramar sifika ɗaya ta ramin AUX na mikisa, ko da tsohuwa ce. Manyan fiyano ba su da wannan damuwar tunda OUTPUT daban yake, sifikun jiki suna ci gaba da yi.

A mikisa kuma ramin LINE ne naka, ba ramin makirfo mai ƙafa uku ba. Makirfo sautinsa ɗan mitsitsi ne shi ya sa raminsa yake ƙara masa ƙarfi sosai, fiyano kuwa da ƙarfinsa yake zuwa, in ka tura shi ta can tun kafin ka taɓa komai ya fashe. Akwai ma abin da ya fi wannan, wani maɓalli da aka rubuta 48V a jikinsa, wuta ce da mikisa take turawa ta ramukan masu ƙafa uku don makirfon sitidiyo, kuma a ƙananan mikisa maɓalli ɗaya ne yake kunna ta a duk layukan lokaci guda. In ka jona fiyanonka da wayar nan mai jak a kai ɗaya da ƙafa uku a ɗayan, wani ya danna maɓallin nan, volt 48 ce take komawa cikin fiyanonka ta ƙofar fita. Wani yana tsira wani ba ya tsira, ni ba na gwadawa da nawa.

Sai GAIN, wanda a wajen wasu DJ ɗinmu shi ne maɓallin ƙara murya na biyu. Ba shi ba ne, aikinsa daidaita ƙarfin sautin da yake shigowa layin. Yadda ake yi, ka kai muryar fiyanonka wajen kashi uku cikin huɗu ka bar ta a nan, ka kunna bit ɗin da ya fi kowanne hayaniya a cikin waɗanda za ka yi a daren, ka buga da ƙarfin da za ka buga in rawa ta yi zafi, mai mikisa kuma ya riƙa ɗaga GAIN a hankali har jar fitilar PEAK ta fara ƙyaftawa, sai ya ɗan koma baya. An gama, ba a sake taɓa shi, ƙari da ragi duk a kan feda, maɓallin muryar layin da ake ja sama da ƙasa, za a yi. Abin da ya fi ɓata sauti shi ne mai fiyano ya bar muryarsa can ƙasa a ƙure GAIN, sai shuuu ta cika fili, ko kuma a saita lafiya lau sai tsakiyar biki ya ji an fara liƙi ya murɗe tasa muryar har ƙarshe, komai ya fashe, mawaƙi ya ce a ƙara masa shi ma, daga nan kuma sai kuwwar makirfo.

A nan dole in ce wani abu game da zama da masu sauti. Kayan nasu ne, da kuɗinsu suka saya, kuma sun ga masu fiyano iri-iri, saboda haka in ka zo kana yaro ka fara ba da umarni ba mai sauraronka. Ni dai in na isa sai na gaisa tukuna, in ce maigida sannu da aiki, ga wayata na zo da ita, wane layi za ka ba ni. In na ga zai kai ta ramin makirfo sai in ce yallaɓai da ka taimaka ka sa mini a na ƙasan, nawa yana da ƙarfi kar ya wahalar maka da sifika. Da ya ji maganar sifikarsa ce zai gyara da kansa. In ka ce masa ba haka ake yi ba kuwa, to ranar sai dai ka yi kiɗa a yadda ya ga dama.

Tsawon waya ma magana ce. Wayar jak mai zobe ɗaya in ta wuce mita 5 zuwa 6 ta fara kwaso ƙugi, musamman in ta bi ta kusa da wayar wuta ko ta kwanta a kan ekstenshan. Ƙugin nan mai kauri da ba ya tashi ba ya sauka, na wutar kanta ne, tunda wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, shi kake ji. In mikisa tana nesa da kai, kamar a manyan ɗakunan taro ko coci inda mai sauti yake zama can baya, abin da ake sawa shi ne DI, wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, gajeriyar wayar jak ta shiga ta gefe ɗaya, wayar makirfo mai ƙafa uku ta fita ta ɗayan, ita kuwa ko mita 30 ta yi ba ruwanta. Ta nan kam ramin makirfo za ka shiga kuma babu laifi, don akwatin ya riga ya rage ƙarfin, in mai taransifoma ne a ciki ma ya tsare ka daga volt 48 ɗin can. Yana da ɗan maɓalli GROUND LIFT, in ƙugi ya ƙi tafiya ka danna shi, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Wani abokina da yake kiɗa a coci ta wajen Kaltungo shi ya fara nuna mini amfaninsa, su da yake kayansu a kafe suke wuri ɗaya duk mako sun fi mu 'yan biki kula da irin waɗannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya wai don a kashe ƙugi, ƙafar nan ita ce take hana jikin kayan ya ja mutum, kuma makirfo a bakin mawaƙi yake.

Wayar sifika da wayar fiyano a ido kamarsu ɗaya in duka jak ne a kai, amma ta fiyano tana da raga a ciki da ta lulluɓe siririyar wayar tsakiya, ta sifika jan ƙarfe biyu ne masu kauri ba raga. Ka sa ta sifika a fiyano ƙugi, ka sa ta fiyano a bayan amfilifaya ta yi zafi. Ka ɗaura wa naka jan zare ko salatif don kar su cakuɗe wajen tattara kaya da daddare.

Fedal ba shi da dogon bayani. In ka ga yana aiki a juye, ka taka sauti ya yanke ka saki ya ja, to ko dai ka jona shi bayan ka kunna fiyano, ko ƙafarka tana kai lokacin kunnawa, ko kuma na wani kamfani ne, don na Yamaha da na Casio a juye suke da juna. Kashe fiyano, jona, ɗauke ƙafa, kunna. In bai gyaru ba duba ƙarƙashin fedal ɗin, na kasuwa da yawa suna da ɗan makunni na juyawa.

To sai kwamfuta, ga masu ɗan sitidiyo a ɗaki, waɗanda yanzu ko ina ka shiga a Tudun Wada ko Pantami sai ka samu, ana ta buga waƙoƙin siyasa da na amare da bege. Tambayar da ta fi zuwa mini ita ce, na jona USB, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta ga fiyanon, amma muryar fiyanon ba ta shiga, me ya faru? Ba abin da ya faru. Abin da yake bi ta wayar nan MIDI ne, kuma MIDI ba sauti ba ne, bayani ne kawai, wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Kamar awon da tela yake rubutawa ne a littafi, ba rigar ba ce, kowane yadi ka kawo za a iya ɗinka shi a kan awon. Tun 1983 aka fito da tsarin, lokacin da kamfanonin Amurka da Japan suka yarda kayansu su riƙa jin maganar juna, Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland su ne a gaba wajen haɗa shi, kuma har yau tsohon fiyano mai ramin nan zagayayye mai ƙafa 5 zai yi magana da sabuwar kwamfuta ba gardama. Amfaninsa babba ne, ka buga sau ɗaya, daga baya ka canja muryar daga fiyano zuwa goge, ka gyara inda yatsa ya zame, ka rage gudu ko ka sauke kiɗan ya dace da muryar mawaƙiya ba tare da an sake bugawa ba. Amma in muryar fiyanon kanta kake so, wannan sarewar ko kalangun da ka saba da shi, to sai ka ɗauki sauti, wato daga OUTPUT zuwa sawun kad, ɗan akwatin da yake shigar da sauti cikin kwamfuta, shi ma a ramin LINE. Wasu sababbi irin E373 da E463 suna tura sautin ma ta USB ɗin, amma a Windows sai ka sa musu Yamaha Steinberg USB Driver, kyauta ne a shafin kamfanin.

Wayar USB ɗin ita ce irin ta firinta, mai kai murabba'i, tana shiga ramin da aka rubuta USB TO HOST. Kada ta wuce mita 3, haka littafin fiyanon ma ya ce. Ɗayan ramin, USB TO DEVICE, na filas ne, ba ruwansa da kwamfuta. In kuma tsohon fiyano ne mai ramukan MIDI kawai, ƙa'idar ita ce OUT yana tafiya IN, IN yana tafiya OUT, ba IN da IN ba. Wayoyin nan masu araha da suke juya MIDI zuwa USB rubutun jikinsu yana rikita mutum, in ka jona shiru sai ka musanya kawunan, ba abin da zai ƙone.

Abu biyu ne suke sa mutum ya tsani haɗa fiyano da kwamfuta. Na farko jinkiri, ka danna sai daga baya ka ji. Wannan daga direban sauti ne da bafa, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar. Ka zaɓi direban ASIO na sawun kad ɗinka, in ba ka da kad ka sa ASIO4ALL, sannan ka sauke bafa zuwa 256 ko 128. Lissafin a fili yake, a kan 44,100 a daƙiƙa, bafa 256 wajen kashi 6 ne cikin dubu na daƙiƙa, hannu ba ya jin wannan, amma 1024 ya haura kashi 23, shi kam za ka ji shi sarai. In kwamfutar ta fara ƙaƙat-ƙaƙat sai ka ɗaga kaɗan, lokacin haɗa sauti ma ka mayar da shi sama gaba ɗaya tunda ba bugawa kake ba. Na biyu shi ne ka ji kowane sauti ya ninku biyu kamar ta hanci, saboda fiyanon yana buga kansa, kwamfuta kuma tana dawo masa da abin da ya aika ya sake bugawa. Ka shiga saitin MIDI ka kashe Local Control. Sai dai ka tuna ka mayar da shi kafin ka fita aiki, don in yana kashe za ka danna maɓallai a gaban jama'a shiru kake ji, fiyano lafiyarsa ƙalau.

Masu son kwashe bit ɗin fiyano zuwa kwamfuta kowane kaya a layinsa, MIDI hanya 16 gare shi, kuma bit na Yamaha daga ta 9 zuwa ta 16 yake zama, ganguna a 9 da 10, bes a 11, sauran su ne rakiya. Ka buɗe layi takwas kowanne ya saurari hanyarsa, ka daidaita gudun biyun, sai ka samu ganga daban bes daban, ka gyara kowanne yadda kake so maimakon ka ɗauke su a dunƙule.

In ka ji wani siririn tsiii yana shiga rikodin da zarar ka jona USB, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke to ka gane mai laifi, sai ka yi ɗaukar a kan batir, ko ka mayar da laftof da fiyano da sifikun duka kan ekstenshan ɗaya.

Wayar hannu kuma, ga masu son ɗora kiɗa a TikTok ba tare da kukan janareto da na yaran unguwa ya shiga ba, ɗan kan OTG, wanda yake ba da damar jona USB a wayar hannu, za ka saya ka haɗa da wayar firintar nan, in fiyanonka yana tura sauti ta USB shikenan kyamara za ta ɗauka kai tsaye a wasu wayoyi, in ba ya turawa sai ka bi ta ƙaramin sawun kad. In kuma so kake waƙa ta fito daga wayar ta shiga fiyano ka bi ta kana koyo, ramin AUX IN ne, da ƙaramin jak mai milimita 3.5.

Filas ɗin da kake zuba bit da rajistireshan, wato saitin da ka adana, a ciki ka bar fiyanon ya yi masa fomat da kansa, kuma kada ya zama shi ne wanda ake yawo da shi shagon tura finafinai. Ka ajiye kwafinsa a kwamfuta ko a waya, don bit ɗin da ka zauna ka gina na asharalle ko na kiɗan ƙwarya ba a kasuwa za ka sake samunsa ba. Kada ka zare shi yana cikin adanawa.

Ƙura ita ce ta ƙarshe, kuma mu nan mun san ta, daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko ba inda ba ta shiga. Ramin jak da ya sha ƙura shi ne yake ƙarar-ƙarar in an taɓa waya, mutum ya yi ta zargin wayar yana sayen sabuwa. Ka samo feshin wanke kayan lantarki a wajen masu gyaran waya, ka fesa kaɗan a kan jak ɗin ba cikin ramin ba, ka cusa ka zare 'yan lokuta fiyano yana kashe. Ban da man inji, ban da fetur. In za a ɗora fiyano a Keke NAPEP ko bayan mashin a zare duk wayoyin tukuna, don jak ɗin da aka bari a jiki in ya bugi ƙarfe ba shi ne yake karyewa ba, sodar ramin ce take tsagewa daga ciki, kuma wannan sai an kwance fiyanon gaba ɗaya kafin a kai gare ta.